Ranar da Unguwarmu Ta Karya Kujerunta

Ranar Talatar da ta gabata, mutum tamanin da huɗu na unguwarmu suka yi layi a ƙarƙashin wani allo da ke sanar da duniya cewa nan ne matattarar masu taɓin hankali. Kowa riƙe da karyayyiyar kujera. Ni ne na goma sha bakwai, ina ɗingishi, domin tawa kujerar ba ta yarda ta karye cikin lalama ba. An fara layin da ƙarfe biyu na rana a bakin tsohon ɗakin ajiyar da ke daura da tashar mota, na ƙarshe kuma ya shiga biyar saura kwata. Ba wanda ya suma, ba wanda aka kama. Rauni ɗaya aka samu, babban yatsan ƙafata ta hagu, wanda har yau takalmi bai karɓe shi ba.

Na san akwai masu karatu da za su ce ai dama sun daɗe suna zargin haka a kaina. To su dakata su ji yadda aka yi.

Ina da maƙwabci tela, bango ɗaya ya raba mu, shagonsa kuma a gaban gidansa yake. Shekara ashirin da biyu suna ɗinki shi da ƙaninsa, keke biyu suna kallon juna. Bara ƙanin ya fita sayo zare, mota ta yi ajalinsa. Masu ta'aziyya suka zo suka watse, Tela ya rufe shago ya shige ɗaki. Wata biyar ban ji ƙarar kekensa ba. Mu maƙwabta mun yi iya ƙoƙarinmu: mun ce masa ya yi haƙuri. Da muka ga haƙurin bai kama ba, sai muka sake ce masa ya yi haƙuri, da ɗan ƙarfi.

Wata Talata sai ga shi ya fito da wata koriyar kujera a kafaɗa, ya nufi wajen tasha. Talatar gaba ma haka. Ta gaba ma haka. Kujera ɗaya tilo, ƙafa ɗaya ke girgiɗi, wata bakwai ana gyaranta. Wata rana na tare shi a ƙofa.

"Maƙwabci, wannan kujerar kuwa ba za a fitar da ita ƙasar waje ba?"

"Ana samun sauƙi, Malam," in ji shi, har da ɗan murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun ƙaninsa na da rai.

Cikin wata na biyu keken ya dawo. Ni dai na ɗauka aikin kafinta ya koma koyo. Sai daga baya na san cewa wurin gyaran kujerun nan, da kowa ke wucewa bai ko kalla ba, aikin wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ne mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ce ta kafa ta, kowa Sista yake ce mata, tare da 'yan sa-kai huɗu. Mutum goma sha tara ke zuwa: matan da mazansu suka rasu, direban da ya kasa taɓa sitiyari tun ranar da ya yi hatsari, iyalan da ambaliya ta raba da gidajensu, wata uwa mai jinyar ɗanta shekara tara, da Tela. Sau ɗaya a wata likitan ƙwaƙwalwa kan zo daga asibiti, shi ma da ɗan bencinsa mai ƙafa uku a hammata, ya duba wanda ke bukatar magani. Ba rajistar suna, ba hoto, ba allo.

Na tambayi Sista me ya haɗa damuwa da kujera.

"Malam, shekara talatin ina tambayar mutane me ke damunsu. Amsa ɗaya ce, lafiya lau. Namiji hawaye na zuba yana ce mini lafiya lau. Amma ka kifa masa kujera tsakanin gwiwoyi, ka ba shi guduma, idonsa na kan ƙusa ba kan fuskarka ba, kafin ya buga ta uku ya gaya maka abin da bai gaya wa matarsa ba. Sannan in ya fito da kujera a kafaɗa, wa zai tambaye shi daga ina? Kowa ya ga daga ina."

Shekara uku suna haka lami lafiya. Kuskurensu ɗaya: ɗakin ajiyar na wani ofis ne, wanda a wannan shafi zan kira Ma'aikatar Taimakon Dole, kuma duk shekara sai an sabunta izinin zama. Bana Sista ta zauna ta rubuta rahoto na gaskiya, da kyakkyawan rubutu. Da ta rubuta shirme kamar kowa, da yanzu yana ƙasan tulin takardu, gara na karatunsa. Amma rahoton ya faɗa hannun wani da shekara ta zo masa ƙarshe ba shi da abin nunawa.

Haka muka wayi gari da baƙuncin Mai Girma Sarkin Almakashi, Dodon Ƙyalle, wanda bai taɓa ganin ƙofa ya bar ta ba a ƙaddamar ba. Na ƙirga motoci goma sha huɗu, a makon da ni na kwashe awa shida a layin mai aka ce mini ya ƙare saura mota biyu a kai kaina. An kafa rumfa uku, an jera lasifika, an kawo kujeru ɗari biyu lafiyayyu, abin da ya ba kujerun cikin ɗakin kunya ƙwarai. Sista ta roƙi kada a kira mutanenta, aka ce ta kwantar da hankalinta, ba a ma shirya musu wurin zama ba.

Mai Girma ya yi jawabin minti hamsin. Ya ce zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce shi da kansa yana kwana yana tashi da tunanin masu damuwa, har likitansa ya ce ya rage. Daga nan ya yanke ƙyalle, aka yaye mayafi, sai ga allo.

Na auna shi da kaina. Faɗinsa ƙafa goma sha biyu, tsayinsa bakwai, a kan turakun ƙarfe biyu da aka dasa da siminti. An rubuta da jajayen haruffa, kowanne ya kai kan mutum: CIBIYAR MASU TAƁIN HANKALI DA GAJIYAYYU. A ƙasa ga wata ƙatuwar kibiya tana nuna ƙofa, don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar cewa gidan kusa ake nufi. A sama kuma, daidai kan rubutun, hoton Mai Girma ne yana dariya har kunne. Dole in yaba: tun da nake ban taɓa ganin aikin hukuma da aka yi da ƙarko irin wannan ba. Gadar da ke bayan kasuwa damina ɗaya ta yi. Wannan allon jikokinmu za su gaje shi.

Allon yana fuskantar tashar mota da shagon Mai Aski. Mai Askin namu kuwa gidan rediyo ne da bai nemi lasisi ba. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama gefe ɗaya ka ji wanda ya yi faɗa da surukinsa, kafin ya gama ɗayan gefen wani ya ji naka. Da motocin suka tafi, ya fito yana kaɗa tawul, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam, wannan na saman shi ne shugabansu? Allah sarki. Ga shi kuwa da fara'a. Allah ya ba shi lafiya."

Muka yi dariya. Dariyar ba ta kai yamma ba, domin daga nan aka shiga lissafin wa da wa aka taɓa gani da kujera. Ashe shi ya sa wance ba ta gaisuwa. Ashe shi ya sa wane ya bar tuƙi. Wani mutum ya je ya karɓe yadinsa daga shagon Tela, ya ce ba ya son a ɗinka masa riga mai hannu uku. Talatar farko bayan allo, mutum biyu suka zo daga cikin goma sha tara. Talata ta biyu, Sista da 'yan sa-kanta suka zauna su kaɗai suna kallon gam yana bushewa. An je gyaran gira an tsone ido.

Sista ta nemi in raka ta ofis, wai ko ganin ɗan jarida zai sa a saurare ta. Ban gaya mata ba cewa ganina yakan sa a rufe taga ne. Muka hau bene hawa uku, muka sami Jami'in Alluna a bayan tebur, ga fanka tana kaɗa masa takardu yana danne su da kofin shayi.

"Hajiya, allon ya faɗi ne?"

"Bai faɗi ba."

"An yi kuskuren rubutu?"

"A'a, ranka ya daɗe. Mutanena ne suka gudu."

Ya duba takardar gabansa sama da ƙasa, ya juya bayanta. "Babu gurbin wannan a fom."

"To a ba mu fom ɗin cire allo."

"Na kafawa muke da shi. Na cirewa ba a buga ba tukuna, domin ba a taɓa samun wanda ya ƙi alheri ba. Ke ce ta farko."

Na sa baki na ce to mu lulluɓe shi da ƙyalle mana, kafin a buga fom ɗin. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ku lulluɓe fuskar Mai Girma? Malam, kai da kake aikin jarida, ka san sunan wannan abin kuwa?"

"To a juya kibiyar ta kalli wani wajen."

"Kibiya ba tamu ba ce, ta sashen tsare-tsare ce. Kuma ba sa nan, sun tafi taron bita."

"Bita kan me?"

"Kan sauraren jama'a."

Ya raka mu har bakin bene, mutum mai ladabi, ya ba Sista kalanda mai hoton allon.

Ran Lahadi da hantsi uwargida tana shanya a tsakar gida, ni ina zaune ina tsara zazzafan sharhin da zai girgiza ma'aikatar, irin waɗanda na saba rubutawa ba abin da ya girgiza. Ta yi magana ba ta juyo ba.

"Matar Tela ta shigo ɗazu. Yau kwana tara bai leƙo ko ƙofar ɗaki ba. Abinci ma sai ta yi da gaske. Ta ce irin na bara ne ya dawo, kuma ita ba ta jin zai iya fita sau biyu daga rami ɗaya."

Na ce ai shi ya sa nake rubutu.

"Rubutunka zai fito da shi?"

Na ajiye biro, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuma shekara ashirin tana karanta ni.

"Malam, in mutum ɗaya ya shiga ƙofar nan, labari ne. In kowa ya shiga, layi ne. Ka taɓa jin an yi gulmar wani don an gan shi a layin mai?"

"To wa zai fara shiga?"

"Mai Aski."

Na ce ko a mafarki. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Ban bi ta ba, amma Mai Aski da kansa ya ba ni labari daga baya, kamar yadda ya ba kowa. Ta tsaya a ƙofar shagonsa ta ce, "Baban gulma, ran Talata unguwar nan kaf za ta shiga ɗakin can. Kai kaɗai za a bari a waje. Duk abin da aka yi a ciki, sai dai ka ji a bakin mutane." Ya ce a rayuwarsa ba a taɓa yi masa barazana mai muni irin wannan ba. Shi, ya ji labari a bakin wani? Kafin la'asar ya zama shugaban kwamitin shirye-shirye, ya naɗa kansa, ya kuma amince da naɗin. Duk wanda ya zauna aski, sai an kai rabin kai zai tsaya ya tambaye shi, "Za ka zo ran Talata, ko in bar shi haka?"

Da aka sanar da Sista, ta riƙe kai.

"Ni fa ban ce ku mayar mini da wuri kasuwa ba."

Ta yi tunani, sannan ta kafa sharuɗɗa uku. Kowa ya zo da kujerar gyara, kamar yadda aka saba. Taron jama'a ya tsaya a farfajiya, amma ƙusa da gam suna ɗakin ciki, kowa sai ya shiga da ƙafarsa ya ɗauko, kuma ba a tambayar wanda ya daɗe me ya tsayar da shi. Na uku, ba wanda zai je ya ce wa wani don kai muke yi. Wanda ya zo ya zo.

A nan aka gano matsalar da ba wanda ya hango. Unguwarmu ba ta da karyayyun kujeru tamanin. Shekara uku mutanen Sista suna gyara, sun gyare na kowa. Saboda haka ran Litinin aka shiga karya. Daga kowane gida sai ka ji ƙwas, sai ka ji mace ta ce ba wannan ba, ta baƙi ce. Mai shagon kayan masarufi na kusa da mu ya haɗa 'ya'yansa mata uku suka zauna kan kujerar roba ɗaya suna ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wani malamin makaranta ya jefo tasa daga saman bene, ta dira da ƙafafunta huɗu ta tsaya tana kallonsa.

Tawa ta katako ce, aikin wani kafinta na da, wanda bai san ana yin abu don ya lalace ba. Na girgiza ta, ko gezau. Na hau na yi tsalle, uwargida ta kira 'yarmu ta zo ta ga ubanta. Na ja da baya na kai mata shuri. Abin da ya karye ba kujera ba ce. Daga ƙarshe na aro zarto na yanke ƙafa ɗaya, na shafa wa wurin ƙasa don ya yi kama da tsohuwar karaya.

Ran Talata kuwa sai horon da hukuma ta daɗe tana ba mu ya yi rana. Mu da layi ai sai dai a koya a wurinmu. An ce ƙarfe biyu, tun sha ɗaya wasu sun ajiye duwatsu suna kama wuri. Wani ya fito da biro yana rubuta wa mutane lamba a tafin hannu. Wata ta ce ita tun jiya ta zo, 'yar'uwarta ce shaida. Mai Aski ne na ɗaya, sanye da fararen kaya, ɗauke da kujerar askinsa ta biyu, wadda dama can ba ta juyawa. Ya tsaya daidai ƙarƙashin kibiya, ya juyo ya ɗaga wa tasha hannu kamar mai shirin hawa jirgi.

Fasinjojin da ke sauka daga mota suka ga layi, jikinsu ya ba su. Wani dattijo ya matso kusa da ni.

"Ɗan'uwa, me ake rabawa?"

"Ƙusa."

"Kyauta?"

"Kyauta, amma sai da kujera."

Ya dubi allon, ya dubi layin, ya ce a riƙe masa wuri. Bayan minti ashirin ya dawo da kujera da matarsa.

Da na isa gaba, Sista ta karɓi tawa ta juya ta, ta shafa wurin da yatsa.

"Malam, wannan ai zarto ne."

"Tsufa ne, Sista."

"Tsufan da ke yanka a miƙe? Wuce ka ɗauko gam."

A farfajiya ba ka jin komai sai guduma da shewa. Mutum saba'in da ba su taɓa riƙe guduma ba suna ba juna shawara. An manne kujeru biyu da juna bisa kuskure, masu su suka yarda su riƙa karɓa-karɓa. Cikin wannan hayaniya na ga direban nan ya shigo da benci, na ga uwar mai jinya, na ga biyu daga cikin matan ambaliya. Suka shiga ɗauko ƙusa. Ba wanda ya ɗaga kai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda ba a zata ba. Mai Aski ya shiga ɗauko ƙusa ya yi minti arba'in, ya fito idonsa ja, ya ce gam ne ya shiga masa. Tun ranar, mutumin da bai taɓa riƙe sirrin kowa ba bai ce uffan kan abin da ya gani a ciki ba. Ni ma na yi minti shida. Wannan kuma ba ruwanku.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na fito shan iska, sai na hango Tela a tsallaken titi. Koriyar kujerar na kafaɗarsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya yana kallon layin da ya kai har bakin tasha, yana kallon mai shago da limamin layinmu da malamin makaranta suna gardamar wa ya riga wa. Na ɗingisa na tsallaka, riƙe da tawa da gam ɗinta bai bushe ba.

"Malam, me ya sami unguwa?"

"Annoba ce ta faɗa wa kujeru."

Ya dubi ƙafar kujerata, ya dubi ƙafata.

"Maƙwabci, ba ka iya ƙarya ba, ba ka kuma iya zarto ba."

"Zo in shigar da kai, na san mai ba da lamba."

"A'a. Layi layi ne."

Ya tsallaka ya tsaya a bayan wata mata mai kujerar jariri. Aka rubuta masa lamba a tafin hannu. Ya bi layin taki-taki, ya wuce ƙarƙashin kibiyar kamar kowa, ya shiga ɗauko ƙusa. Daga cikin goma sha tara na Sista, goma sha ɗaya suka dawo ranar. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da a nan labarin ya tsaya, da na ce mun yi nasara.

Amma akwai wani mutum da ban lura da shi sosai ba, zaune kan babur a inuwar allon, da ɗan littafi a hannu yana ƙirga kawuna. Ran Alhamis wasiƙa ta iso wa Sista daga Ma'aikatar Taimakon Dole, ta ba ni na karanta. Ma'aikatar tana farin cikin sanar da cewa kafin allo mutum goma sha tara ke amfana, bayan allo kuwa tamanin da huɗu. Wannan ya tabbatar da hangen nesan Mai Girma. Wasiƙar ta kuma nuna damuwa kan yadda cutar ta yaɗu a unguwarmu cikin mako uku, har ta kama mai aski da malamin makaranta da wani ɗan jarida, an kuma kafa kwamitin bincike. Saboda wannan gagarumar nasara, an amince da kafa allo na biyu a mahaɗar titi, mai fitila, wanda zai ɗauki hotunan mutum shida da suka warke. Ana roƙon Sista ta aiko da sunaye.

Sista ta ba su amsa layi ɗaya: ba ta da sunan kowa, kuma ba za ta samu ba. Jami'in Alluna ya kira ta ya ce ba komai, mai ɗaukar hoto zai zo ya zaɓa da kansa daga cikin layi. Mai Aski ya riga ya ce shi a ɗauke shi, har ya tambaya ko za a sa lambar wayar shagonsa a ƙasa. Uwargida na neman ƙarin mutum biyar masu irin fuskarsa, waɗanda kunya ta daɗe da sallama.

Jiya da safe na sami Tela a bakin shagonsa, ya buɗe ƙofa ɗaya daga cikin biyu. Na gaya masa zan rubuta wannan, in ya yarda. Ya ce in rubuta, ai masu karanta ni ba su kai masu kallon allon yawa ba. Sannan, yana warware zare, ya tambaye ni abin da ya dame shi.

"Ran Talata mai zuwa, mutum nawa za su zo?"

Na ce ban sani ba tukuna.

"In layi ne, zan zo. In ni kaɗai ne da mai hoto, Malam, ba zan iya ba."

Zuwa lokacin da nake rubuta wannan, sunaye talatin da ɗaya ne a takardar da Mai Aski ke rubuta masu zuwa ran Talata. Mutane suna da aiki, kuma abin dariya ba ya ba da dariya sau biyu. Sista ta ce ko arba'in aka samu za a rufa wa juna asiri, tana kuma neman wani ɗakin aro a wani layin, wanda ba na kowane ofis ba, ba ta samu ba tukuna.

Ma'aikatar dai ta yi alkawari a rubuce, da hatimi, cewa allon mai fitila da mai ɗaukar hoton za su iso kafin Talata, ba fashi. Shekarata ashirin da shida a wannan aiki ina zagin hukuma kan saɓa alkawari. Wannan ne karo na farko da nake roƙon Allah ya bar ta da halinta.